Shekarar da Kwaɗi Suka Yi Wuya a Tambuwal

Bazara ce, irin wadda ake kwana a tsakar gida kuma a tashi jiƙe da gumi. Shekarar kuwa ta kuɗi ce. Ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Sakkwato ba, duk inda ka duba a Tambuwal bulo ake bugawa, samarin da jiya suke bin jaki yau suna kan sabon babur da rediyo rataye a kafaɗa, shinkafar waje ta shigo har ɗakin talaka. Ruwan sama ne kawai ya ƙi. Hadari ya haɗu da la'asar, mu kwashe shanya da gudu, iska ta zo ta watse shi. Haka muka yi ta yi har tafkin bayan gari ya ƙafe, ƙasansa ya tsattsage.

Abin da ya sa na ɗauko labarin shekarar nan, kwanan baya jikata ta kawo mini wata ƙawarta da aka ɗauka irin aikina a wata sakandare, wato kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Na ce mata yaya aiki? Ta ce, "Ai Kaka, ba wani aiki ba ne, wanke kwalabe ne kawai." Ban ce mata komai ba a lokacin, don baƙuwa ce. Amma ita da ire-irenta nake rubuta wa wannan.

Sunana Hajara, ana ce mini Hajo, mutuniyar Kebbe ce ni, aure ya kawo ni Tambuwal. Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku, na samu aikin shara a makarantar 'yan mata ta kwana. Ɗakin gwaje-gwaje yana cikin rabona. Mai kula da shi a lokacin wani dattijo ne, Baba Audu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin ɗakin magani. Ya lura ina share ƙarƙashin kabad ba tare da na motsa kwalba ko ɗaya ba, sai ya roƙi a bar masa ni.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke siraran kwalaben nan na gwaji. Na wanke su da sabulu da ɗan buroshi, na jera, ina jin na burge. Ya ɗauki ɗaya ya zuba ruwa ya juyar, ya ɗaga ta saitin taga.

"Hajo, mi kika gani?"

Na ce, "Kwalba, Baba."

"Ɗigo-ɗigon ga da sunka maƙale fa? Inda duk ruwa ya tsaya, akwai maiƙo. Kwalba mai tsabta ruwa sulale mata shika yi, bai barin komi. Sake."

Na sake. Ruwan rijiyarmu kuma yana barin wani fari-fari idan ya bushe, don haka ɗaurayar ƙarshe da ruwan tururi ake yi, wanda muke tatsa da kanmu a tukunyar tagulla bisa risho, ɗigo bayan ɗigo. Wuni guda ka samu abin da bai cika tulu ba. Idan ka yi ganganci ka ɗauraye da na rijiya, yarinya za ta zuba maganinta ya canza launi tun kafin lokacinsa, ta rubuta amsar da ba ita ba, ta ɗauka ita ce ba ta gane karatu ba. Wannan shi ne wanke kwalaben da ake rainawa.

Ranar da ya koya mini haɗa asid, sai da ya fara nuna mini wata tsohuwar rigarsa da ta huhhuje daga ƙirji zuwa ciki. Ya ce ruwa ake fara zubawa, sannan a bi da asid a hankali ta jikin kwalba, kada a taɓa juya tsarin. Ya kuma ajiye kwalabe biyu a gabana, duka fari tas kamar ruwan sha, ya ce ɗaya za ta wanke ido, ɗaya za ta makantar da shi, wacce ce wacce? Na duba, ban ga bambanci ba. Ya nuna 'yar takardar da ke manne a jikin kowacce.

"In ba ki iya karanta wanga ba, ba ni barin ki da mabuɗi. Ki tai ajin yaƙi da jahilci."

Masu koyar da ajin nan kuwa 'yan matan aji shida ne na makarantarmu. Dole in yi bayaninsu, don su ne manyan masu cinikina duk tsawon aikina.

A wancan zamani yarinya in ta gama aji biyar ta gama sakandare, ta karɓi takardarta ta tafi. Amma makarantarmu tana da wani tsari na ƙarin shekara biyu ga wadda ta ga za ta iya. Jarrabawarsu ba a nan ake shirya ta ba. Daga ƙasar waje take zuwa a liƙe, a rana ɗaya ake yin ta a duk ƙasashen da ke cikin tsarin, a kwashe amsoshin a mayar can, mutanen da ba su san ko ɗiyar wa ce ba su duba. Wadda ta ci, jami'o'in ƙasashe da yawa sun yarda da takardarta. Kuma ba a barin yarinya ta ce ita kimiyya kawai ta sani. Sai ta haɗa da lissafi da harshe da tarihi, sai ta yi wani dogon bincike da hannunta, sai kuma ta yi wa gari aiki. Aikin garin shi ne koya wa irinmu karatu ranar Asabar da la'asar. Wata yarinya 'yar Jabo ce ta riƙe hannuna na rubuta sunana na farko. Da safe ina wanke mata kwalabe, da la'asar tana cewa, "Inna Hajo, cikin baƙin nan ya yi girma, rage shi."

Na ga bambancin ajin nan daga bakin kwatamin wanki. 'Yan ƙananan aji malami yana faɗa suna rubutawa. 'Yan aji shida kuwa malamarsu ta ilimin halittu, wata Ba'indiya mai suna Misis Matiyu, ba ta karɓar amsa sai da dalili. Hausarta ta kasuwa ce, amma akwai kalma biyu da ta riƙe gam: "Yaya sani?" Yarinya ta ce littafi ya faɗa, ta ce, "Littafi ba nan. Ke nan. Yaya sani?" Sai a koma kan madubin duba ƙwayoyi, a sake yanka, a sake aunawa. Har ni abin ya shafa. Ko a gida aka ce mini abu kaza yana maganin kaza, sai in ji tambayar tana motsi a bakina.

Farantan fiɗa ma aikina ne. Faranti ne na ƙarfe, a narkar da kakin zuma a gauraya da baƙin tukunya a zuba a ciki ya daskare, don a iya kafe dabba da fil. Kakin daga Kebbe nake samo shi wurin masu ɗibar zuma. Bayan kowane darasi in sake narkar da shi ya koma sumul. Kowane faranti da askarsa, da ƙaramin almakashi, da hantsaki, da allura mai ƙota. Aska in wasa ta a dutsen mai har ta aske gashin hannu. Almakashi in goge shi ya bushe ƙarau, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe shi tsatsa. Baba Audu ya ce mai fiɗa da dakusasshiyar aska yaga yake yi, kuma abin da aka yaga ba ya koyar da kowa komai.

A shekarar da nake ba ku labari idon Baba Audu ya yi rauni ya ajiye aiki, mabuɗi ya dawo hannuna. Kuma a shekarar ce ɗiyata ta fari take ajin ƙarshe na wannan tsari. Sunan uwar mijina ta ci, don haka Uwani ake ce mata, ni kuwa ko wannan ban cika faɗa ba. 'Yar fari ce. A ɗakin gwaji in ta shigo nakan juya ga kabad, ita ma ta wuce kamar ba ta san ni ba. Bincikenta a kan ƙwarin wake ta yi, ko toka ce ta fi korar su ko barkono. Wata da watanni ɗakina na ajiya cike da gwangwanayen wake, ban taɓa tambayarta wanne ya ci ba.

Zamanta a ajin ma da sharaɗi ne. Ƙanen mijina, Alhaji Bello, shi ne uba a gare su, kuma zamanin ya karɓe shi, kwangila yake yi. Tun da ta gama aji biyar ya samo mata aikin akawu a ƙaramar hukuma. Ya zo gida da sabuwar motarsa ya zauna bisa tabarma yana kaɗa mabuɗi.

"Matar Yaya, ke dai ba ki son hutu. Yau da takardar aji biyar ofis aka ba mutum, da fanka bisa kai. Wagga ɗiya ta karɓi albashi ki bar wankin kwalaben ga, in samu in aure ki kina da sauran kyau."

Na ce, "Wa zai auri mai tumbi irin naka? Tambayi mai karatun."

Uwani tana bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ce tana roƙonsa ya bar ta ta gwada. Ya ce ya yarda, amma sau ɗaya. In ta ci, duk inda karatu ya kai ta shi zai kai ta. In ba ta ci ba, babu maimaici, ofis yana jira. Mutum ne mai riƙe maganarsa ta kowane gefe.

To a cikin jarrabawar akwai ta fiɗa, kuma ba asiri ba ne, kowa ya san kwaɗo za a feɗe. Abin da ba a sani ba shi ne wane sashe za a ce a buɗe a zana. Kowace yarinya sai an ba ta nata, babba, wanda aka kashe a safiyar, don jijiyoyin jini su fito sarai. Shekarun baya wannan bai taɓa zama magana ba. Tafkin bayan gari yana riƙe ruwa har damina, in je da kwando in ɗebo burduddugi, manyan kwaɗin nan, iya buƙata. Wannan shekarar na je na tarar da awaki suna yawo a tsakiyarsa. Na hau mota zuwa Dogon Daji, na leƙa Jabo, duk labari ɗaya. Wanda bai yi fiɗa ba kuwa ya faɗi darasin, wanda ya faɗi darasin ya rasa takardar gaba ɗaya.

Sai na tuna fadamarmu ta Kebbe, inda ruwa ba ya ƙarewa duka. Na sami direban da ke zuwa can ranar kasuwa, na ce ya gaya wa yayana Garba ina son kwaɗi manya, masu yawa, da gaggawa, na jarrabawar Turawa ne. Na koma na ce wa Misis Matiyu ta kwantar da hankalinta.

Da motar ta dawo, direba da kansa ya kawo mini kwando har ƙofar ɗakin gwaji, an ɗaure bakinsa da igiya. Tun kafin in kwance na ji ƙamshin hayaƙi. Na buɗe. Kwaɗi ne manya-manya, an tsire su a sanda jeri-jeri, an yi musu banda sun yi baƙi suna ƙyalli.

Direba ya ce, "Garba ya ce in faɗa miki zaɓaɓɓu na. Ko 'yan Kudu da ka saye ba a ba su irin waɗanga. Ya ce in Turawan sun ji daɗinsu a aiko, a ƙaro."

A Kebbe mu ba ma cin kwaɗo, amma akwai masu kama shi su yi banda su sayar wa fataken Kudu, kuma wannan ne kaɗai amfanin kwaɗo da Garba ya taɓa gani. Wanda ya ce yana son kwaɗi da yawa, ci zai yi. Don ya fita kunyar ƙanwarsa a gaban baƙi, har itacen ƙirya ya sa aka nemo.

Misis Matiyu ta ɗaga sanda ɗaya ta duba. Ta fara dariya har ta dafa tebur, hawaye yana zuba. Can dariyar ta tsaya, ta zauna bisa kujera tana kallon kwandon, ta ce, "Hajo, yara."

Labari ya kai wa Alhaji Bello kafin la'asar. Ya zo ofishin Firinsifal, aka kira ni. Da gaskiyarsa ya zo, taimako yake son yi.

"Hajiya, abin ga mai sauƙi na. A ɗaga jarrabawar har ruwa ya sauka. Ba ni sunan mai ita, gobe in tai Sakkwato in gane shi."

Firinsifal ta ce, "Alhaji, ba a Sakkwato yake ba."

"To Ikko. Ina da mutane Ikko."

"Ba a Ikko yake ba. Ni kaina ban san fuskarsa ba. Ranar da aka sa, ita ce ranar, a nan da ko'ina."

Ya juyo ya dube ni, ya sake dubanta. "Wace irin jarrabawa ta wagga, wadda ba a san kowa ba?"

Ta ce, "Shi ya sa takardarta take da daraja."

Ya tashi yana gyara babbar riga. A bakin ƙofa ya ce mini, ba da mugunta ba, "Matar Yaya, kujerar akawun nan dai ba a ba kowa ba."

Na karɓi izini na hau motar Kebbe da kaina. Na tarar da Garba a zaure, ya ga fuskata ya ce, "Ba su yi ba? Gishiri ya yi kaɗan?" Da na yi masa bayani ya riƙe baki. Ya ce kwana sunka yi suna banda. Abin da ya fi muni, don cika kwandon nan masu kamun sun tsince 'yan kududdufan da suka rage a fadama kakaf. Muka je tare muka duba. Ruwa kore, sauro, ko motsi babu.

Da muka dawo na shiga gaida Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, mai ginin tukwane. Tana zaune tana murza yumɓu, ta sa na ba ta labari tun daga farko, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke Hajo, boko ya kai ki ga kiwon kwaɗi? Shi ko wancan sakarai ya yi musu banda! To ku biyu wa ya fi wani?"

Na ce, "Goggo, karatun jikarki na shekara biyu."

Ta goge hannu a zane. "Masu rai kika so? Ai suna nan ƙasa suna kwana. Kullum muna haƙo su wurin ɗibar yumɓu, mu yar. Ki zo da asuba."

Wannan aikin ban koye shi wurin Baba Audu ba, kuma ba ya cikin littafin Misis Matiyu, ko da yake daga baya ta ce yana ciki, ba ta dai taɓa gani da ido ba. Idan ruwa ya janye, burduddugi yakan nutse cikin laka ya lulluɓe kansa da wata fata siririya kamar leda, ya kwanta har damina. Goggo da matan da suke ɗibar yumɓu tare suka kai ni inda ruwa ya ƙafe a ƙarshe. Ba ko'ina ake haƙa ba. Sai inda tsagar ƙasa take ƙarama, ka sa tafin hannu ka ji sanyi. A fara da fartanya, da an kai laka mai danshi a ajiye ta a koma da yatsu, don fartanya raba shi biyu take yi. Mun yi asarar da yawa kafin hannuna ya gane. In ka same shi kamar dunƙulen laka yake, ka rantse matacce ne. Sai ka yayyafa masa ruwa, can ka ga ido ya buɗe.

Rana tana ɗagowa laka ta yi zafi, sai a bari sai wata asubar. Garba ma ya zo da fartanyarsa, matan suna yi masa tsiya, wai a riƙa ƙirga abin da ya haƙo kada ya kai wuta. Safiya bayan safiya muna yi, ranar jarrabawa tana matsowa. Da motar da zan iya bi ta ƙarshe ta zo, abin da ke hannuna ya yi daidai da yawan 'yan matan, babu rarar ko ɗaya. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami ramamme, wanda a shekarar arziki ba zan ko dube shi ba.

Goggo ta ba ni sabuwar tukunya wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba, don irinta ce take tsatsafo ta riƙe sanyi. Muka shimfiɗa laka a ciki, muka zuba su, muka ɗaure baki da tsumma, muka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Na ƙi a ɗora ta bisa kaya, na rungume ta a cinya a bayan akori-kura. Ruwan goran da na ɗauko don sha, buhun ne ya sha shi.

Mun yi nisa, sanyin laka da girgizar mota suka farkar da su. Ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa. Wani dattijo mai buhun gero da ke kusa da ni ya zabura.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, mi ke cikin tukunyag ga?"

Na ce, "Kwaɗi na, Malam."

"Na magani?"

"Na makaranta."

Wata mata ta ce, "Yanzu har kwaɗi anka fara sawa boko? Ashe kuɗin sun yi yawa."

Mota ta ɗauki dariya. Wani ya ce a tambaye su ko sun ga ruwa a hanya, tunda su ne ke da labarinsa. Amma da muka tsaya gyaran taya rana tsaka, buhu ya bushe, gorana babu komai, dattijon nan ne ya miƙo mini butarsa ta alwala. Ya ce shi ya yi taimama, ɗalibai su sha.

Duka suka iso da rai.

Safiyar jarrabawa na shiga da wuri. Na jiƙa auduga da maganin sa barci na jefa a babbar kwalba mai murfi, na riƙa sa su ɗaya-ɗaya har su daina motsi. Na ɗauraye kowanne na kwantar a farantinsa, na jera aska da almakashi da fil. Kowane tebur da lambar mai shi, kuma na san lambobin. Da na zo kan ɗan ramammen nan ban tsaya tunani ba, na kai shi teburin Uwani. A wurinmu haka ake yi. In abinci bai kai ba, ɗanka ne zai haƙura, balle na fari. Da na ba ta babba na ba ɗiyar wani wannan, da wane ido zan dubi mutane?

Misis Matiyu tana zagayawa tana dubawa, ta tsaya a teburin. Ta dubi kwaɗon, ta dubi lambar, ta dube ni.

"Hajo. Wa sa wannan nan?"

Na ce ni ce.

"Don me?"

Na ce, "Tawa ce, Misis. Ba komai."

Ta girgiza kai. "A'a. Gida, naki. Nan, ba naki. Nan lamba."

Na ce mata ai ba fifita ta na yi ba, rage mata na yi. Ta ce duka ɗaya ne. Wanda ya rage wa nasa da wanda ya ƙara wa nasa, kowanne ya sa hannu a abin da ba shi da iko a kai. Ta sa na kwashe farantan duka na mayar kan dogon tebur, muka rufe kowanne da ƙyalle. Ta kira malamin da aka turo daga Sakkwato don sa ido, wanda bai san kowa ba, ta ce ya cuɗanya su ya raba yadda hannunsa ya faɗa. Ya raba. Aka fitar da ni, aka shigo da yara, aka rufe ƙofa.

Na zauna a inuwar itacen dogon yaro ina wasa wasu asake da ba sa buƙatar wasawa.

Da aka tashi na shiga kwashe kaya. Ɗan ramammen ya faɗa teburin ɗiyar wani hakimi. Ta buɗe shi ta kafe fatar da fil a jere, jijiyoyin da ba su fi zare ba ta ware su ɗaya-ɗaya ba ta tsinka ko guda ba, kamar aikin surfani. Ba ta yi ƙorafi ba, a ranar ko daga baya. Shekara biyu ana tambayarta yaya ta sani, ƙanƙantar kwaɗo ba za ta ruɗa ta ba. Teburin Uwani kuwa na ɗauke farantin ban tsaya dubawa ba.

Sakamako bai zo ba sai da damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, kwaɗi suna hana mutane barci a kowane lungu na Tambuwal. Aka aika wa yaran suka zo. Firinsifal ta tsaya a barandar da ke jikin ɗakin gwaji tana karantawa, ni ina ciki a bakin kwatami, taga a buɗe. Ba duka suka ci ba, jarrabawar ba ta san wahalar da aka sha a kanta ba. 'Yar hakimi ta ci. Uwani ta ci, da abin da ya isa a ɗauke ta karatun likita. Na ci gaba da ɗauraya. Misis Matiyu ta leƙo ta taga ta ce, "Hajo, ji?" Na ce na ji, Allah ya sa albarka ga yaran duka.

Alhaji Bello ya zo gida da la'asar. Ya ce shi har yanzu bai gane jarrabawar da ba a ganin mai ita ba, amma magana ya yi, kuma akwati da kuɗin mota nasa ne. Ya ce in shirya, tunda ɗiya ta ƙi ofis, ni zai kai in zauna ƙarƙashin fankar.

Washegari na fita da fartanya. A bayan ɗakin gwaji akwai wani kwari inda ruwan indararo yake taruwa, ƙarƙashin inuwa. Na auna da ƙafa na fara haƙa, don in samu rami mai zurfi da za a shafe da siminti, a zuba laka, a tara kwaɗi tun suna arha saboda 'yan ajin da ke tafe. Ƙasa ta yi laushi, aikin yana tafiya. Ban daɗe ba na ji motsi a bayana. Uwani ce, ta ɗaure zane, ta miƙo hannu za ta karɓi fartanyar.

Ban ba ta ba. Fartanya tana fasa hannu, nata kuwa aikin likita yake jira.

Na ce, "Ke, ɗauko bokiti ki tai bakin tafki. Manya za ki zaɓo."